Kawu Lurwanu da Bugun Mutanen Da

Bayan Hajjin bara, da alhazai suka watse gari ya koma hannun masu shi, wani gajeren bidiyo ya zaga wayoyin mutanen unguwar Utaibiyya a Makka. Nawaf ɗan Rakiya ne a ciki, tsaye a wani fili a Jidda, riƙe da gora ta ƙarfe. Aka jefo masa farar ƙwallo mai girman lemo, ya make ta, ta haye katanga ta haye fitilun filin, mai ɗaukar hoton ya neme ta a sama ya rasa. Wasan Amurkawa ne da ake kira besbol. Wani abokinsa ne ya ja shi ciki, ƙarfin kuwa a Mina ya tara shi, inda yake dakon katan-katan na ruwa duk lokacin Hajji.

Unguwa ta yi murna, ban da kawunsa Lurwanu, wan Rakiya.

Lurwanu ya yi aiki a garin Zahran na gabashin ƙasar da ƙuruciyarsa, a wata unguwar Amurkawa mai shinge, kuma tun da ya dawo besbol ya zama gadonsa shi kaɗai. A mirkaz, wato majalisar da dattawa ke zama bayan La'asar a ƙofar shagon Dauda mai ful da tamis (dafaffen wake da burodin tanderu), yakan ba da labarin wasan yadda ya ga dama. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, domin ba wanda ya san wasan, kuma ba wanda ya damu ya sani. Yanzu ga yaro ya zo da hujja a waya.

Dauda ya miƙa masa wayar, ya kira shi da sunan 'yarsa yadda ake yi a can. "Abu Haifa, ka ga ɗanka?"

Lurwanu ya riƙe ta nesa da fuska, kamar mai duba yadin da bai yi niyyar saye ba.

"Yaro ne mai lafiya. Allah ya raya shi."

"Shi ke nan?"

"To me za a ce? Jidda bakin teku ce. Iska ta ɗauke masa rabin aikin."

"Iskar ba ta ɗauki ta sauran yaran ba."

"Dauda, kai wake ka sani. Ka bar ni da abin da na sani." Ya gyara zama, dattawa suka gane an shiga dogon zango, wasu suka nemi ƙarin shayi. "Mabuga uku na gani da idona, kuma in aka jera su da Nawaf, shi ne zai riƙe musu takalma. Na farko wani Ba'amurke da muke ce wa Jan Wuya. In ya bugi ƙwallo, fatarta takan faɗi a gabansa, cikin ya tafi shi kaɗai tsirara. Na biyu Bahago Ramos. Shi ba ya ɗaga murya, ba ya ɗaga gora sosai. Ya taɓa bugun wata ƙwallo da La'asar, sai wani masunci ya kawo ta daga wajen Bahrain, ya ce a cikin komarsa ya same ta."

"Da kifi ko ba kifi?" in ji Dauda.

"Na ukun kuwa ba na son faɗa, kada a ce yabon kai ne."

"To kar ka faɗa."

"Ni ne."

Rakiya tana tsaye a bakin tanderu tana jiran tamis ɗinta, ta juyo.

"Yaya, ba motar 'yan makarantarsu kake ja ba?"

"Da safe."

"Da yamma kuma Inna ta ce a bayan shinge kake jiransu su gama wasa."

"A bayan shinge ƙwallon manya take sauka, Rakiya. Wanda ke ciki bugu kawai yake gani. Ni na ga tashinta, na ga saukarta."

Da zancen ya tsaya a nan, da an sha shayi an tashi. Sai ga Nawaf ya iso, dogo, kafaɗu kamar ƙofar gareji, ya sumbaci kan kawunsa. Shi yaro ne da ya girma yana jin labarin Jan Wuya, kuma bai taɓa ganin dalilin da babban mutum zai yi ƙarya a kan abin da ba a ci ba a sha ba. Hausarsa rabi Larabci ce, ko kawu ma khali yake cewa.

"Ya khali, na gaya wa Kyaftin Bandar labarinka. Mai kula da kulob ɗinmu. Suna so su buɗe reshe a Makka, don yara, suna neman babba wanda ya san wasan ya riƙe. Ya ce Juma'a mai zuwa zai zo ya ga bugunka."

Dauda ya ajiye ludayi, ya jingina da tukunyar ful don ya ji daɗin kallo.

Mai hankali a nan zai tuna da ciwon baya, ko hawan jini, ko wata tafiya Madina. Lurwanu ya dubi fuskokin da suka yi shekaru suna sauraronsa, ya ce:

"Sun makara. Amma ba komai, ka ce masa na karɓa."

"Bai ce ya ba ka ba tukuna, khali. Gani zai zo yi."

"Ladabi ne irin na manya. Ba a ce wa irina 'mun ɗauke ka', sai a ce 'za mu zo mu gani'."

Washegari ya kai makullin ƙaramar bas ɗin da yake jigilar masu Umra da ita, ya ajiye a teburin mai kamfanin, ya yi masa jawabi a kan yadda ƙasa take kiran 'ya'yanta. Mai kamfanin bai jira ƙarshen jawabin ba ya miƙa makullin ga wani. Kafin Azahar Lurwanu ya sanar da unguwa cewa daga yau Kyaftin ne sunansa. Matarsa Maryama ta ji labarin a bakin maƙwabta.

"Ka bar aiki?"

"Na hau sama."

"Saman tana biyan haya?"

"Maryama, matan manyan 'yan wasa haƙuri ake saninsu da shi."

"Ni matar direba ce. Har jiya."

Saura gora. Nawaf ya kawo masa tasa ta ƙarfe, Lurwanu ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara kamar tukunya.

"Ka ji? Fanko ce. Wannan ce take bugu, ba kai ba. Mutanen da can icce suke riƙewa, mai nauyi, wanda in ka ɗaga sai ka tuna da Allah."

Icce mai nauyi ɗaya ne a gidan, taɓaryar Maryama. Kakarta ce ta taho da ita daga Kano ta hanyar Sudan, ta dogara da ita a hamada, ta haye teku da ita. Maryama ba ta bari ko 'yarta Haifa ta taɓa ta da hannu mai maiƙo. Lurwanu ya naɗe ta a darduma ya kai wa wani kafinta a unguwar Rusaifa, aka yanke kai ɗaya, aka fere ƙugun. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida yana shafe ta da man zaitun tun daga kai har mariƙi.

Nawaf ya tsaya a kansa. "Khali, mai ne wannan?"

"Na sha ganin Jan Wuya yana shafa wa tasa wani abu kafin ya shiga fili."

"Ƙaro ne suke shafawa. Don ta kama hannu."

"Na zamaninku ke nan. Ku hannunku ne ba ya kamawa."

Maryama ta fito daga kicin da turmi da barkono, ta duba bayan ƙofa, ta dubi abin da ke cinyar mijinta. Ta daɗe tana kallo.

"Ina kanta?"

"Yana wurin kafinta. Ya ce in kina so zai yi miki abin daka tafarnuwa da shi."

"Ta tsallake Sudan da kai biyu, ta tsallake teku da kai biyu. Sai a gidanka."

"Za ta shiga tarihi."

"A tarihi ka same ta."

Daren nan da burodi da shayi ya kwana, ya ce dama mabugi ba ya cika ciki.

Lungunsu a kan dutse yake, matattakala ce tun daga ƙofar gidan har babban titi. A can sama Lurwanu ya zaɓa ya yi atisaye, ya sa Haifa tana jefo masa ƙwallo. Jifa ta farko ya kai duka bayan ƙwallon ta wuce, ya ce ta yi sauri. Ta biyu ya kai duka kafin ta iso, ya ce ta yi masa wayo. A ta uku ya tattara ƙarfinsa duka ya juya, taɓarya ta tsallake ƙwallo ta sami bututun da ke kai ruwa tankin gidan tsohuwa Hajo. Ruwa ya yi tsiri ya jiƙe shi daga hula har silifa. Gidaje uku suka wuni ba ruwa a zafin Makka. Hajo ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko Amurkawan ma haka suke wa junansu, ya ce su bututunsu a ƙarƙashin ƙasa yake, shi ya sa suka ci gaba.

Kwana biyu kafin Juma'a, Allah ya nufa icce ya taɓa ƙwallo. Ta faɗi a gaban ƙafarsa, ta yi tunani, sannan ta gangara. Ta bi matattakala ɗaya bayan ɗaya, ta wuce masallaci, ta wuce shagon Dauda, ta tsallaka babban titi ta shige ƙarƙashin wata tasi. Lurwanu ya biyo ta yana haki.

"Kun gani? Daga ƙofar gidana har titi. Ku gaya min ta Nawaf ta kai haka."

"Makon jiya kankana ta suɓuce wa Hajo," in ji Dauda, "ita ma har titi ta kai. Sai a raba kyaftin ɗin biyu."

Ranar Juma'a bayan La'asar aka taru a wani filin ajiye manyan motoci a gefen Mina, wanda ba kowa a cikinsa in ba lokacin Hajji ba. Fararen tantuna sun jeru a bayansu babu mai tari a ciki. Rabin unguwa ta zo. Dauda ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar bikin ƙanwarsa. Limamin masallacin unguwa ya zo, ya ce motsa jiki abu ne mai kyau. Mata suka shimfiɗa tabarma a inuwar wata katanga da fulas-fulas na shayi. Hajo, wadda ba ta zuwa ko'ina sai da ledar alkama, ta tafi can nesa gefen hagu ta watsa wa tantabaru sadaka, suka sauko suka rufe wurin.

Lurwanu ya fito daga mota cikin farin wando da farar singileti, ya cusa ƙafafun wandon a cikin safa, hular Nawaf ta zauna masa a kan kunnuwa. Taɓarya tana ƙyalli, don ya ƙara mata mai da safe.

Kyaftin Bandar mutum ne siriri mai ƙarancin magana. Ya gaida dattawa, ya dubi taɓaryar, ya dubi Nawaf. Ya ce a fara da yaron, shi zai yi jifa.

Nawaf ya tsaya, ya buga. Ƙarar ta dawo daga duwatsu. Ƙwallo ta tashi ta yi ƙanƙanta, ta faɗa can tsakiyar tantuna inda ba mai zuwa nemanta sai baɗi. Ya sake, ta bi 'yar'uwarta. Dattawa suka yi ta mashallah, Rakiya ta rufe baki da mayafi.

"Ba laifi," in ji Lurwanu da ƙarfi don Bandar ya ji. "Kafaɗar irin ta Jan Wuya ce, amma ba wuyan. Ƙafar ta ɗan yi kama da ta Ramos, sai dai Ramos ba ya kallon ƙwallo bayan ya buga, ya san inda ya aike ta. Wannan yana bin ta da ido kamar wanda ya ba da aro. A zamaninmu irin wannan bugun da shi ake ɗumama jiki."

"Tafaddal, ya ammi," in ji Bandar, wato bismillah, baffa. "Nuna mana."

Lurwanu ya shiga. Ya tofa yawu a tafin hannu, a kan man. Ya nuna tantunan da taɓarya, ya ce wa Haifa ta ɗauka da waya tun daga farko, kada jikoki su ce ba a gaya musu ba.

Bandar ya jefo a hankali, irin jifar da ake wa yaro. Lurwanu ya kai duka, ya juya sau ɗaya da rabi, ya tsaya yana fuskantar mata.

"Ta gwaji ce. Mutanen da can ba sa taɓa ta farko, raini ne."

Ta biyu ta same shi a ciki. Ya ce da gangan ya tare ta don ya ji nauyinta.

"Nauyin nawa ne?" in ji Dauda.

"Ka yi shiru, ana aiki."

A ta uku ya rufe ido, ya ciji leɓe, ya kawo duka da duk abin da ya rage masa a duniya. Ƙwallo ta wuce lafiya ta faɗa hannun Nawaf. Taɓarya kuwa ta fice daga hannunsa kamar kifi. Ta tashi tana juyi a sama, ta haye kan Bandar da ya durƙusa, ta nufi hagu, ta yi tafiyar da ba ta yi ba tun zamanin kakar Maryama, ta dira a tsakiyar tantabarun Hajo. Garken ya tashi fuu.

Lurwanu ya buɗe ido ya ga hannunsa wayam, ya ga kowa yana kallon nesa. Bai ɓata lokaci ba.

"To, kun gani. Wannan shi ake kira jifan gora. Jan Wuya kaɗai ke yin sa, sai ni. Yaran yanzu ƙwallo suke aikawa, mu icce muke aikawa."

"Suɓucewa ta yi," in ji Dauda.

"Suɓucewa? Tsakiyar tantabarun nan na auna, nan kuma ta sauka. Liman, ka shaida. Haifa, kin ɗauka? Na ce tsakiyarsu na auna."

"Na ɗauka, Baba."

Sai ga Hajo tana tahowa a hankali, tana salati ƙasa-ƙasa, ta tallabo wani abu a gefen mayafinta. Ta zo gaban Liman ta buɗe. Tantabara ce, shuɗiya, wuyanta ya langaɓe.

Babu wanda aka haifa a Makka da yake buƙatar a yi masa bayani. Mina cikin Harami take, kuma tsuntsun Harami ba a korarsa, balle a kashe shi. Yaran garin tun kafin su iya ɗaura ɗankwali ko sa hula suke sanin wannan. Duk da haka Liman ya gyara murya, don aikinsa ne.

"Abu Haifa, tantabarar Makka fansarta tunkiya ce, a yanka a raba wa miskinan Harami. Wannan ba makawa, ko da gangan ko da kuskure."

"Ni ma miskini ne," in ji Dauda, "a rubuta ni."

"Sai dai akwai bambanci," Liman ya ci gaba. "Mai kuskure ba shi da zunubi. Wanda ya auna ya jefa kuwa ya yi farauta a Haramin Allah, sai ya tuba, kuma ni ba zan ce wa iyaye su miƙa masa 'ya'yansu ba. Yanzu ka ce in shaida. Me zan shaida?"

Lurwanu ya dubi Bandar. Bandar yana kakkaɓe ƙura daga gwiwarsa.

"Ni ma ina so in ji, ya ammi. In ka auna, kulob ba ya ɗaukar mafarauci. In kuma gora tana fita daga hannunka ba da saninka ba, yara ƙanana ne za su tsaya a kusa da kai."

"Wato, abin yana da fuska biyu," in ji Lurwanu. "Jifar da gangan ce. Saukar ce kuskure."

"Haifa, 'yata," in ji Dauda, "maido mana baya kaɗan."

Haifa ta dubi uwarta. Maryama ta gyaɗa kai. Muryar Lurwanu ta fito daga wayar, tas, har da amsa-kuwwar duwatsu: tsakiyar tantabarun nan na auna, nan kuma ta sauka.

"Iska ce ta..."

"Nan ba bakin teku ba ne," in ji Rakiya daga kan tabarma.

"A zamanin Ramos..."

"Lurwanu," in ji Liman, "Magariba tana matsowa. Da gangan, ko kuskure?"

Lurwanu ya dubi tafin hannunsa da ke ƙyallin mai. Ya goga a wando, wandon ya yi tabo. Ya ce wani abu a cikin gemunsa.

"Ba mu ji ba, Kyaftin," in ji Dauda.

"Suɓucewa ta yi."

"Na baya ba su ji ba."

"Na ce suɓucewa ta yi."

"Alhamdu lillahi," in ji Liman. "Tunkiya kawai."

Bandar ya yi wa dattawa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Lurwanu Allah ya ƙara lafiya, ya ce wa Nawaf ya shiga mota su yi magana a kan wasan mako mai zuwa. Game da reshen Makka, ya ce za su ci gaba da nema. Mata suka fara naɗe tabarmi. Lurwanu ya matsa kusa da Dauda, ya rage murya, ya tambaye shi ko ya san wanda aka ba makullin bas ɗin nan, da kuma ko mutum ne mai jin magana.

Maryama ba ta bi ta kansu ba. Ta taka har can gefen hagu inda alkama take warwatse, ta sunkuya ta ɗaga abin da ya rage na taɓaryar kakarta. Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sannan ta sake sunkuyawa, ta ɗago wata tantabarar ta fiffike, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

Liman ya juyo wajen Lurwanu, ya ɗaga yatsu biyu.